Abin da Allura Take Tsallakewa

Anti Bev,

Ki taimake ni, don na rasa wanda zan faɗa wa. In na gaya wa abokaina na kulob, kafin shayina ya huce labarin ya kai bakin teku. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ina ɗan shekara goma sha huɗu na bar makaranta, kuma ranar malaminmu ya fi ni murna.

Ni tsohon mai walda ne. Na zo garin Whyalla ina saurayi, lokacin ana ƙera jiragen ruwa, da jaka ɗaya da gashi cike da kai. Jakar dai tana nan. A wurin aiki wani abokina ya karya mini sandar kamun kifi, sai ya biya ni da wani ƙaramin faifai, irin masu waƙa huɗun nan, biyu a kowane gefe. Na wasu mawaƙan garin ne, The Treloars, 'yan'uwa uku da maƙwabcinsu mai ganga. Kafin in zo garin sun watse, babban ya tafi soja, mai gangar ya koma sayar da taya. Ƙwaya kaɗan aka buga na faifan, gidan rediyo ma bai taɓa sa shi ba. Jitarsu kamar ana yanka kwano da zarto, amma in ta tashi, ƙafa ba ta neman izininka.

Waƙar ƙarshe a gefen baya tana da karce tun ranar da aka ba ni. Mawaƙin zai ce, "Zan tsaya a ƙofarki," sai allurar garmaho ta yi tsalle, ƙat, ta faɗa kan "har ƙarshen rayuwata." Ni ban taɓa jin kalamai masu daɗin waɗannan ba.

Da su na nemi auren Glenys, tunda ni bakina ba ya aiki in ba abinci. Na ɗaure garmaho a bayan keke na kai barandar gidansu, na sa mata, na tsaya ina kallon takalmina. Ita 'yar garin ce, ta sha rawa a zauren da yaran nan suke kiɗa ran Asabar. Ta saurara, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai dai sakarai ne. To, na yarda."

Tun daga nan babu Kirsimetin da ba mu sa shi ba. Ana zafi, nama yana kan wuta a bayan gida, in allura ta zo wurin tsallenta sai kowa ya yi tsalle tare da ita. 'Ya'yanmu da haka suka tashi, jikoki ma sun koya. Bara aka yi wa Glenys aikin zuciya, ba ta iya tsallen yanzu, sai dai ta ɗaga yatsa ɗaya tana daga kujera.

To, ga inda na shiga uku. Wata mai zuwa za mu cika shekara hamsin da aure. 'Yarmu Narelle, ma'aikaciyar jinya ce a Adelaide, ashe ta yi shekaru tana neman wani faifan marar karce. Ta bi kasuwannin tsofaffin kaya, ta yi ta waya da wasu masu gemu da ba sa maganar komai sai faifai, har ta samo shi wurin wani dattijo a Tasmania. Ta kawo mini in ɓoye a ɗakin kayan aikina. Ita ba ta da garmaho, ba ta ji shi ba. Da ta miƙo mini ta ce, "Baba, a karon farko Mama za ta ji waƙarta cikakkiya. Kar ka taɓa shi, na san halinka."

Ta san halina kuwa. Glenys na fita cefane na ɗora shi. Anti, ga abin da ɗan Treloar yake cewa: "Zan tsaya a ƙofarki, in miƙa miki makullinki, ba za ki ƙara ganina ba har ƙarshen rayuwata."

Na zauna a kan gwangwanin fenti. Na sake sa shi ko yaron zai canja shawara. Bai canja ba. Ashe da waƙar sallama na yi aure, na kuma koya wa zuriyata tsalle a kanta.

An kama zaure, an gayyaci rabin gari, har da yayyen Glenys da tun farko suka ce ta yi faɗuwar miji. An ce ma za a rubuta kalaman a jikin kek. Jiya na ɗauki ƙusa zan karce sabon daidai wurin, na tuna fuskar Narelle, na kasa. Ba dariyar mutane ce take damuna ba, na saba, da ita nake cin abinci. Tsorona kada in ƙwace wa matar nan waƙarta yanzu da ƙarfinta ya ragu, kada kuma in zubar wa yarinyar nan wahalarta a ƙasa. Wanne zan sa ranar?

Naki cikin ruɗu,
Tsohon Mai Walda, Whyalla

Tsohon Mai Walda,

Da farko dai ka ajiye ƙusar nan. Faifan da ya rage ƙwaya kaɗan a duniya bai yi maka laifin komai ba, kuma ranar da Narelle ta gane, karcen zai fi yi mata zafi fiye da kalaman.

Kana da gaskiya da kake jin tsoro. Waƙar da iyali suka yi shekara hamsin suna yi ba ƙaramin abu ba ce, kuma tsallen nan naku ne, babu mai shi sai ku. Amma ita ma Narelle tana da haƙƙi. Ta yi wahalar nan ne don ta faranta wa uwarta, bai kamata ta ji abin da ke cikin kyautarta a gaban taro ba, hannunta a kan garmaho. Ka kira ta, ka faɗa mata ka karya alkawari, ka sa mata ta ji. Za ta yi maka faɗa, ka cancanta. Ina zaton daga baya za ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Game da Glenys, ka sake karanta abin da ka rubuto. Matar da ta yi rawa a gaban mawaƙan nan da ƙafarta, kana ganin ba ta san kalaman ba? Me kake tsammani ya ba ta dariya a barandar? Ban rantse ba, mai yiwuwa ta manta. Shi ya sa, in Narelle ta yarda, ka sa wa Glenys sabon kafin ranar, ku biyu a kicin, da shayi a gabanku. In ta sani, ka huta. In ba ta sani ba, gara ta ji daga wurin mutumin da bai taɓa mayar mata da makulli ba.

Ranar biki kuwa ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Sabon yana da wasu waƙoƙi uku garau, Narelle ta buɗe rawa da su, ka miƙe ka faɗa wa jama'a daga inda ta samo shi. In an zo waƙarku, a ɗora tsohon.

Allah ya ƙara wa Glenys lafiya, ya sa ku ga wasu shekarun tare. Ka kira 'yarka yau, kada ka jira sai ka shirya abin faɗa.

Anti Bev