Abin da Inna Ta Hana Kalli

Gashua, 4 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Dunoma,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yagana da yara, da aikin dakon gyaɗa a tashar jirgi. Mu ma lafiya, in ban da ƙanenmu Kalli.

Yaya, Kalli ya lalace. Ka san shi da ci, har yanzu tuwon mutum biyu yake tashi da shi, amma haƙarƙari duk a waje, sai ciki a gaba. Idonsa ya yi fari fat. Bangon ɗakina ya kusa gama ƙwaƙule shi, yana cin ƙasar. Maƙwabta sun ce iskokin kogi ne, wai dama mai gemu da hankalin yaro nasu ne. Na yi hayaƙi, na jiƙa masa maɗaci. Shekaranjiya ya yi amai, sai ga tsutsa ta fi tafin hannuna tsawo, tana motsi. Ni dai ban taɓa jin iskan da aka ɗauka da tsinke ba.

In na tambaye shi inda ke masa ciwo, dariya yake yi. Don Allah ka je wurin malamin asibiti a can Nguru ka yi masa bayani. Tsoro nake ji.

Ka gaida kowa. Ni ce ƙanwarka,
Meram

Gashua, 13 ga Rajab

Yaya Dunoma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, Abbo direba ya kawo mini takardarka da gwangwanin da malamin asibiti ya bayar. Na gane: tsutsa iri-iri ce, maganin yana da ƙarfi, malamin ba zai ba mai rauni ba sai ya duba bayan gidansa. Kai ka rubuta a layi biyu kamar abin sauƙi.

Ka manta Inna? Tun ranar da yara suka yi wa Kalli waƙa don ya ɓata wandonsa a kasuwa, da tsumagiya ta koya masa: ya yi nisa can gaɓar kogi, ya tona, ya rufe, kada ɗan Adam ya gani. Shekara biyar da rasuwarta, sunayen kwanaki ma bai riƙe ba, amma wannan ya riƙe.

Na roƙe shi, ya toshe kunne. Sai na yi wauta, na bi shi a ɓoye da gwangwanin a cikin zane. Ya waiwayo ya gan ni. Tun ranar bai sake fita ba, yau kwana uku. Ya daina cin abinci don kada ya matsu. Yana kwance ya riƙe ciki, ba ya ko kallona. Ni na ja masa, Yaya. In wani abu ya same shi, ban san da bakin da zan faɗa maka ba.

A sa mu a addu'a. Ƙanwarka,
Meram

Gashua, 15 ga Rajab

Yaya,

Ina gaishe ku, da fatan kun tashi lafiya. A gurguje nake rubutu, motar Abbo na lodin kifi.

Jiya na zauna kusa da shi na faɗa masa gaskiya, cewa tsutsa ce ke cinye masa tuwo, kuma in ya mutu ba ni da mai raka ni ɗebo ruwa. Na yi kuka a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. 

Yau da safe na tarar da gwangwanin a ƙofar ɗakina, an rufe shi, an ɗora tsohon faifan Inna a kai. Shi kuma yana tsugune yana fuskantar bango, ya tuɓe riga. Ya karyo tsumagiya da kansa ya ajiye mini a gefe, yana jira.

Na jefa ta cikin murhu, na mayar masa da rigarsa. Ya sha kunu rabin ƙwarya. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko Inna za ta ji labari. Na rantse masa ba za ta ji ba.

Ka tari motar da kanka, ka kai gwangwanin asibiti yau, kada ya kwana. Kar su ce a sake kawo wani, Yaya. Ba zan iya roƙonsa sau biyu ba.

Ni ce ƙanwarka,
Meram