Itace Mai Nauyi

Litinin

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yar jikata. Ina fata tarin da take yi ya sauka. Mu nan lafiya muke, in ban da abin da ka jawo mana.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen zance. Da na buɗe baki sai "Mama, ki tsaya in yi miki bayani." Takarda ba a katse ta, don haka ka zauna ka karanta.

Motar itacen da ka saya mini ta iso jiya da hantsi. Direban bai ko tambayi inda muke ajiyewa ba, ya ɗaga bayan mota ya juye gumagumai a ƙofar gidan burodi. Tela na kusa da mu sai tsallake yake yi kafin ya shiga shagonsa, yana tambayata ko gada zan gina. Na ɗauki guntu biyu na buga su da juna. Busasshen itace ƙara yake yi kamar ƙarfe. Naka sai ya ce "dum", kamar an bugi katifa. Na sa farce a ɓawon, ruwa ya tsattsafo. Wasu har da ɗanyen ganye a jiki. Auta, bishiyar da ta kwana a tsaye shekaranjiya ka aiko mini in gasa burodi da ita.

Yayarka ta gaya mini yadda aka yi. Hoto ka gani a waya, mota guda dubu ɗari da tamanin, sai ka yanke hukunci cewa Baba Mai Gatari, wanda yake kawo mini itace shekara goma sha tara, yana karɓar dubu ɗari biyu da hamsin ne don ya ga tsohuwa ba ta san lissafi ba. Ni ce ban san lissafi ba? Na gama sakandare ba a ko yi tunanin haihuwarka ba. A cikin kuɗin Baba akwai shekara guda da itacen ya yi yana bushewa a filinsa, akwai faskare daidai bakin tanderu, akwai jerawa a rumfa. Naka kuwa, masu faskare sun zo sun duba, sun ce ɗanyen gungume yana riƙe gatari, ba za su taɓa ba sai dubu arba'in. Na masu kwashewa daban. Bayan duk wannan ma ba zai ci wuta ba sai baɗi. Ina arahar take?

Na san niyyarka taimako ce. Amma wanda zai taimaki mutum a sana'arsa sai ya fara tambayarsa. Allah ya sa motar Baba tana tafe a makon nan kamar kullum, kafin ruwa ya sauka. Da ba don haka ba, da ban san yadda zan yi ba.

Ka gaida matarka.

Mahaifiyarka

Alhamis

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ba na jin daɗi, kuma kai ne sanadi.

Motar Baba ba ta zo ba. Na aika shugaban masu kwaɓa ya tambayo, ya dawo yana kame-kame, sai da na daka masa tsawa sannan ya faɗa. Ashe ka kira Baba tun makon jiya. Ka ce masa kada ya sake kawo itace gidanmu, wai mun gano shi, cutar ta isa haka. Dattijo mai furfura, a gaban ma'aikatansa, da waya a buɗe kowa yana ji! Mutumin da ranar da aka binne mahaifinka ya zo ya kunna tanderun da hannunsa don kada shagunan da muke kai wa su juya wani wuri. Ni na haife ka, amma wallahi ban san inda ka samo wannan bakin ba.

Motar da ya tanadar mini ya sayar wa sabon gidan burodin da ke bakin tasha. Ban ga laifinsa ba.

Busasshen da ya rage a rumfa na kwana huɗu ne. Jiya na ce a gwada haɗawa da naka ko za mu ja shi ya kai mako guda. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ma'aikata suna hawaye kamar an yi musu mutuwa, tanderu ya ƙi ɗaukar zafi. Burodin ya fito fari fat, cikinsa danƙo, ga warin hayaƙi. Masu shago uku sun dawo da shi. Ɗaya ta ce mini, "Uwar burodi, yau bandar kifi kika yi a ciki?" Na yi dariya don ba yadda zan yi. Ka san tanderun nan in ya huce a damina bulonsa tsagewa yake yi, kuma mutum bakwai ne suke ci a bakinsa.

Direban da ya kawo itacenka ya dawo neman igiyarsa. Na tsare shi da faɗa, sai ya ce shi ba ruwansa, suna da busasshe a filinsu, mai odar ne ya nace har sau uku a zaɓa masa mafi nauyi. Ya ce har masu lodi sai da suka yi ta dariya. A saƙon da ka turo mini ka ce a bakina ka ji, wai kullum ina cewa itace mai nauyi ya fi riƙe wuta. E, na faɗa. Irin bishiyar nake nufi, mai tauri, bayan ta bushe. Nauyin ɗanye kuwa ruwa ne. Ruwa ka saya mini cike da mota. Da ka taɓa tsayawa a rumfa ka ɗauki faskare ko sau ɗaya maimakon gudu da kake yi kada rigarka ta yi baƙi, da hannunka ya gaya maka bambancin.

Abu ɗaya nake so. Ka zo ranar Asabar da ƙafarka, mu je wurin Baba ka ba shi haƙuri. Yana da sauran busasshe a bayan fili, na sani, amma ba zai sayar wa gidan da aka kira shi macuci ba. Ba na son jin zancen ofis.

Mahaifiyarka

Talata

Auta,

Gaisuwa gare ka da iyalinka. Na ji daɗi da na ji jikata ta warware.

Na jira ka ranar Asabar har la'asar. Kuɗi ka turo, da layi biyu a waya wai in karanta wa Baba. Na sa yayarka ta mayar maka da kuɗinka. Zagi ka yi da bakinka, ba a biyansa ta banki.

Ranar Lahadi hadari ya haɗo, faskare goma sha ɗaya ya rage, na ƙirga da kaina. Na yafa mayafi na tafi ni kaɗai. Na same shi yana wasa gatari. Ya amsa gaisuwata bai ɗago ba. A gaban ma'aikatan nan da suka ji abin da ka faɗa, na durƙusa a kan ɓawon itace. Shekarata hamsin da takwas. Na ce masa ni na sa ka ka kira shi, laifina ne, yaro aike ya isar.

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Tashi, uwar burodi. Shekara goma sha tara ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, shi ya sa ba ki iya ba."

Ga yadda muka yi. Zai kwashe ɗanyen motarka gaba ɗaya ya shanya a filinsa, ya ba ni rabin mota busasshe a madadinsa. Abin da ya rage masa ke nan. Sun kawo jiya, tanderu bai mutu ba. Amma rabin mota ba ya gashi biyu a rana har ƙarshen damina. Na soke gashin yamma. Na kira mutum biyu na sallame su sai kaka, ɗaya matarsa tana da tsohon ciki. Ya ce mini ba komai, Allah ya kai mu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun kuna ƙanana ba abin da nake duka a kai kamar ƙarya. Shekaranjiya na yi ta, a durƙushe, don kada dattijon nan ya riƙe ka a ransa. Ban yi nadama ba, amma sau ɗaya ce, ba za a ƙara ba. Baba ya ce ya yafe mini abin da ban yi ba. Naka yana nan yana jiranka, kuma ni ba zan sake tuna maka ba.

Allah ya shirya mini kai. Ka shafa mini kan jikata.

Mahaifiyarka