Hannun Hagun Likita Narmin

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau Baba ya faɗa da bakinsa. Sabuwar shekara na kamawa zai sauka daga teburin aiki, Ramzi ɗan ƙaninsa ya hau. Yana kurɓar shayi ya faɗa, ko kallona bai yi ba. Ramzi fa! Mutumin da ya ɓalle ƙafa mai riƙe dutse a zobe biyu cikin wata guda, ya ce laifin zinaren ne.

Shekara biyu ke nan, tun da hannun Baba ya fara rawa, ni ke dasa duwatsu a ɗakin baya, ƙofa a rufe. Shi ya fito da zobe a kan tire, masu saye su ce, "Allah ya ƙara wa hannun nan albarka, Usta Fahim," ya yi murmushi ya amsa, ai shi ne Usta, gwanin sana'a. Ni kuwa Damyana ce, mai kawo shayi.

Na ce, "Baba, ni fa?" Ya ce, "Ke ai 'yar gida ce. Wace uwar ango ce a Alƙahira za ta damƙa wa mace lu'ulu'unta?" Na fasa kofi ɗaya wajen wanke-wanke, kuma da gangan.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ramzi ya zo gwada kujerar. Wai ta yi masa ƙasa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mutum tara a shagon da ke ɗaukar huɗu. Sun zo zaɓen zoben baiko da na aure. Amaryar likitar haƙori ce, Narmin. Ango Hazim, dogo, bai iya musu ba. Uwarsa Madam Sausan ita ta iya, tsohuwar mai sayayya ce a wurinmu tun ina firamare.

Baba ya jera duwatsu a kan baƙin ƙyalle: zagayayye, mai kusurwa huɗu, mai siffar ɗigon ruwa, mai tsini biyu kamar kwale-kwale, da mai siffar ƙwai. Nan take shago ya kacame. Madam Sausan ta kafe a kan zagayayye, a ɗora shi can sama, wai a hango shi daga ƙofar zaure. Gwaggon amarya ta ce kwale-kwale, don ya fi kama da babba. Madam ta ce, "Hajiya, mu ba kama muke nema ba, babban muke saye." Gwaggo ta yi tsaki a cikin kofinta.

Amarya ba wanda ya tambaye ta. Ina miƙa mata shayi na ce a hankali, "Likita, safar hannu nawa kike sawa a wuni?" Ta ce, "Talatin, ko fiye." Sai bakina ya kuɓuce mini. Na ce mai tsini zai yaga mata safa kafin azahar. Mai kusurwa huɗu, kusurwarsa za ta ɓantare ranar da ta buge shi a tiren ƙarfe. Zagayayyen da ke can sama kuma zai riƙa kamo gashin marasa lafiya. Yatsunta gajeru ne masu ƙwari, mai siffar ƙwai zai ƙara musu tsawo, in aka kwantar da shi aka bar ɗan wurin da zoben aure zai shige ƙarƙashinsa ba tare da rata ba.

Baba ya zare mini ido. Narmin ta ɗora ƙwan a bayan yatsanta ta juya hannu sau biyu, ta ce, "Wannan." Hazim ya ce, "Wannan," da sauri kamar wanda aka ceto daga ruwa. Madam ta ce, "Mai shayin nan tana da baki." Ta yarda, amma da sharaɗi: zoben aure ya zama an zagaye shi da ƙananan duwatsu kaf, ba a bar fili ko kaɗan ba. Irin wannan in aka gama shi an gama, ba a buɗa shi, ba a matse shi.

Na yi nasara ɗaya. Na ci koshari kwano biyu a hanyar gida.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Da hagu ta karɓi shayin. Da hagu ta sa hannu a takarda.

Baba ya auna yatsan dama, lamba goma sha huɗu, ya rubuta. Haka ake yi: a sa a dama ranar baiko, ranar ɗaurin aure ango ya haɗa kan yatsun biyu ya zura zoben daga dama zuwa hagu ba tare da ya bar hannu ba. Kowane maƙerin zinare ya san hagu ya fi siranta, abin da ya shiga dama zai wuce hagu salin-alin. Amma wannan na masu aiki da dama ne. Matar da ta shekara goma tana cire haƙora da hagu fa?

Na ce wa Baba a auna ɗayan. Ya ce, "Shekara arba'in da uku ina wannan aiki, ke za ki koya mini hagu da dama?" Ya ce ko ya so ma Madam ba za ta bari zobe ya taɓa hagun amarya kafin ranar ba. Na ƙanwar Madam ya maƙale a gaɓar yatsa a gaban jama'a, auren bai kai shekara ba, kuma har yau zoben take zargi, da wanda ya ƙera shi.

To in namu ya maƙale fa, Baba? Wannan a zuci na faɗa.

Talata, 14 ga Oktoba

Dillali ya kawo masu siffar ƙwai guda uku. Baba ya daɗe da gilashi a ido, ya zaɓi na tsakiya. Na tsakiya yana da baƙar inuwa a cikinsa, ta ratsa shi gefe zuwa gefe, ko daga bakin ƙofa ana ganinta. Bai gan ta ba. Na jira ya shiga banɗaki na ce wa dillali na ukun muke so. Dillali ya dube ni, ya dubi ƙofar banɗaki, ya naɗe sauran.

Ban ji daɗin wannan nasarar kamar ta ranar Alhamis ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na je asibitin Narmin da ciwon haƙorin ƙarya, zobban awo a jaka. Ina kwance a kujera na fito da su. Ta yi dariya har ta sauke ƙyallen bakinta. Ta ce, "In surukata ta ji, ni da ke duka za ta jefa a Nilu." Na ce, "Ƙarfe ne, Likita, ba zobe ba ne, Allah ma ya sani."

A yatsan hagu, sha huɗu ya tsaya cak a gaɓa, ko motsi. Sha biyar ya shiga da ƙyar, sai da sabulu ya fita. Sha shida.

Sha shida! Da ba don kunya ba da na yi guɗa a wurin.

Sai ta ce tunda na zo in buɗe baki. Ashe akwai rami na gaske a haƙorin turmi na ƙasa. Na je da ƙarya na dawo da kumburarren kunci. Baba ya ce alhakin wani ne.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na gama. Duka biyun sha shida na yi su. A cikin kowanne na narka ƙananan ƙwayoyin zinare biyu, kamar gero, su riƙe yatsan dama kada zoben ya zame. Kafin biki a goge su.

Duwatsu ashirin da uku a zoben aure, kowanne ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Na haɗa shi da na baikon, ya shige ƙarƙashin ƙwan, ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ba wanda zan faɗa wa sai takarda.

Baba ya fitar da su a tire. Madam ta ce hannunsa sai ƙara kyau yake da tsufa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ramzi ya sayo sabuwar fitila don "teburinsa". Na nuna masa inda ake kunnawa.

Alhamis, 4 ga Disamba

Asiri ya tonu. Narmin ta kawo zobban a goge ƙwayoyin, ni kuma na fita sayen burodi. Na dawo na tarar Baba ya zura su a sandar awo, yana duba lamba, yana duba littafinsa. Ya jira ta tafi.

"Na rubuta sha huɗu."

"Bahaguwa ce, Baba."

"Na rubuta sha huɗu, Damyana! A shagona, da sunana a ƙofa!" Ya ce in zoben ya yi mata yawa ya faɗi ƙasa a gaban mutane, ni zan je in tsaya gaban Madam Sausan, ba shi ba. Ramzi ya ce daga gefe, "Baffa, ka bar ta, mata da zobe sai sawa." Na ce, "Kai kuma sai ɓallewa." Baba bai yi dariya ba, amma na ga gashin bakinsa ya motsa.

Narmin ta ƙi gwada na gasken a hagu, ta ce ta yi wa surukarta alkawari. Ke nan sai ranar. In awona ya kuskure, na gama yawo a shagon nan, ko shayin ma ba zan ƙara kawowa ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Sanyi yana tsuke yatsa. Fargaba tana kumbura shi. Na kasa cin abinci.

Alhamis, 11 ga Disamba

YA WUCE.

Bari in rubuta a tsanake. Bayan la'asar ne, a zauren da ke jikin masallaci. An gayyace mu ni da Baba, muka zauna layi na uku. Aka ɗaura, aka yi addu'a. Narmin ta mayar wa Hazim zobensa na azurfa zuwa hagu, ba matsala. Sai shi ya haɗa kan yatsunta biyu. Madam Sausan ta miƙe tsaye ta dafe ƙirji. Zobban suka baro dama a guje, suka hau hagu, suka iso gaɓa, suka tsaya. Numfashi ɗaya. Na ji farcen Baba a hannuna. Sai suka shige suka zauna daram, kamar da su aka haife ta.

Guɗa ta ɓarke. Wadda ta fi ƙarfi ta fito ne daga layi na uku, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Ana rabon lemo Madam ta ratso mutane ta zo, kwalli duk ya zubo mata. "Usta Fahim, hannunka a naɗe shi da alhariri! Ka ga yadda ya wuce?" Narmin na bayanta tana ƙifta mini ido. Na sunkuyar da kai, na saba.

Baba ya ajiye kofinsa. Ya ɗaga hannun damansa a gaban Madam da dangin ango da kowa, ya bar shi yana rawa, bai ɓoye a aljihu kamar kullum ba. Ya ce, "Madam, dubi hannun nan da kyau. Ba shi ba ne. Shekara biyu ke nan ba shi ba ne. Da awona aka bi, da yanzu sabulu kuke nema. Ga mai aikin nan."

Madam ta buɗe baki. "Mai shayi?" Ya ce, "Usta Damyana."

Ta ƙare mini kallo sama da ƙasa. Sai ta ce 'yarta Rihab za a yi wa baiko bayan Sallah, kuma yatsunta kamar sandar rake, wace siffa zan ba ta shawara? Na ce sai na ga hannun. Duka biyun.

Muka hau tasi. Ni dai bakina ya ƙi rufuwa don murmushi har gida.

Asabar, 13 ga Disamba

Ƙofar ɗakin baya a buɗe. Teburin aiki nawa ne, Ramzi zai riƙe gaban shago, ya iya zaƙin baki, wannan kam ba na musu. Fitilarsa tana da kyau ƙwarai.

Litinin, 22 ga Disamba

Aiki huɗu a gabana, biyu daga ƙawayen Madam. Sun shigo suna tambayar "Ustar nan mace". Abin da na so ke nan, kuma na samu, kuma daɗi nake ji, kada wani ya ce ba na ji.

Baba yana zuwa ƙarfe tara kamar kullum, riga a goge. Ya zauna kusa da taga. Ya karanta jarida, ya sake karantawa. Ɗazu na ɗago na gan shi yana goge gilashin kantar shago da Ramzi ya riga ya goge.

Akwai wani dutse mai siffar ɗigon ruwa da zan dasa gobe. Na san ƙafa biyar yake so, da hula a kan tsinin, tun daga buɗe takardarsa na sani. Na ɗauka na kai masa. Na ce, "Baba, na rasa yadda zan yi da wannan, uku ko biyar?" Ya gyara zama, ya nemi gilashinsa, ya yi rabin awa yana mini bayani, har da zane a bayan jarida.

Biyar, ya ce. Da hula a kan tsinin.

Na ce ban taɓa tunanin hular ba.