Fuskar Inna a Bakin Randa

New Bell, Douala
Agusta, 1991

Zuwa ga Yayana Munzali,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Kano. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma alhamdu lillahi, sai ƙafar Adda da ta tashi da damina.

Yaya, tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Garin nan a mace yake, daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa ba tasi, sai hayaƙin taya. Masu kaki kuma suna bin gida-gida neman allunan zanga-zanga. Makon jiya sun tafi da maƙwabcinmu Hayatu saboda wani katako mai fenti, har yau shiru.

Ka tuna zanenka biyu da ka hana a sa wa firam, wai firam keji ne? To, zane ba firam, a idon mai kaki allon zanga-zanga ne. Na yadin, mai jiragen ruwa, na zare ƙusoshinsa daga sanduna na naɗe shi cikin tabarma. Amma katako ba ya naɗuwa. Hoton Inna, wanda ka rataye da 'yan katako biyu masu shiga juna, ɗaya a bango ɗaya a bayansa, ɗagawa ɗaya yake fita. Adda ta ce a ƙone shi, rigakafi ya fi magani. Na kasa, ka san ba mu da wani hotonta. Sai na kife shi a bakin randa ya zama murfi.

Ran Talata masu kakin suka shigo. Ɗayansu ya nemi ruwa, da hannunsa ya ɗaga murfin. Ya sha, ya mayar, bai juya murfin ba.

Sai dai abin da suka bari, laima tana ci. Fentin ya fara kumbura, idonta na hagu ya ɓare. Don haka ran Asabar, da an buɗe shaguna, zan kai wa Bala kafinta ya sa firam da gilashi, ta koma bango. Ka yafe ni, Yaya. Sau ɗaya na binne Inna, ba zan iya na biyu ba.

Ka gaida Sabuwa da Abdurrazak. Adda tana gaishe ka. Ku sa mu a addu'a, har da Hayatu.

Ƙanwarka,
Sa'ida