Kafin Shamuwa Ta Iso

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, ba ni ma da wanda zan ba ya kai maka. Amma abin da ya faru a gidan nan yau, in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Labarin gari tukuna. Ashe sojoji da gaske suke, za su koma bariki. Ƙanenka Alhaji Sada ya ci kansila, zaɓen nan da ka yi ta yi masa tsiya a kai kana kwance a asibiti. Ko rantsar da su ba a yi ba, zaure ya koma kasuwa. Masu neman taki, masu neman aiki, da masu zuwa don a gan su kawai. Sai ya ga wuri ya yi masa kaɗan. Yana son ɗakin ganin baƙi da wurin ajiye mota, kuma duk faɗin gidan nan idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan tsamiyarka. Ka san a ɓangarensa take tun rabon gadon mahaifinku. Kana da rai bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu biyu suka riƙe masa hannu. Na farko takabata: kunya ba za ta bar shi ya shigo da ƙartin maza masu gatari tsakar gida ina cikinta ba. Na biyu shamuwa. Shekara nawa tana sheƙa a tsamiyar nan? Kuma ka fi ni sani, babu mai saran itace a Katsina da zai sa gatari a jikin bishiyar da shamuwa ta fara haɗa sheƙa a kai. Baƙuwar damina ce, in ji su, wanda ya rushe mata gida kada ya yi kuka in hadari ya tsallake gonarsa. To ka ga yadda na zauna. In ta riga fitata takaba isowa, tsamiya ta tsira. In na riga ta, an gama. Ka taɓa jin matar da ke tsoron ranar fitarta takaba? Ga ni.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk Asabar da za ka rataya madubin hangenka ka hau Basfa, ka fita ta Ƙofar Kaura zuwa rugar Arɗo Buba, nakan ce wai mutum da gemunsa, malamin dabbobi guda, ya rasa abin bi sai tsuntsu. In ka dawo da yamma kana ba ni labari, sai in yi kamar tankaɗen garina ya fi. Ina jinka, Malam. Babu abin da ya wuce ni. Daɗin tsokanarka ne ya hana ni nuna maka, ga shi yanzu ina tsokanar bango.

Littafinka na shekara, wanda kake jera kowane irin tsuntsu ranar da ka fara ganinsa, ka tafi ba ka buɗe shafin bana ba. Ni na buɗe. Kada ka yi dariya. Shafukanka na baya sai a yi ta juyawa, nawa ko rabin shafi bai kai ba, don mai takaba abin da ya bi ta saman tsakar gida kawai take gani. Hankaka, kurciya, shirwa, balbela da maraice. Bayan Babbar Sallah tsattsewa suka yi ta wucewa ta saman hasumiyar Gobarau, sun nufi arewa. Na bi dokarka: ido ya gani kafin hannu ya rubuta.

Dije matar Arɗo ita ce idona a waje. In ta kawo nono sai ta zauna bakin ƙofata ta ba ni labarin daji. Ita ta ce ƙananan tsuntsayen nan masu rawayan ciki, da ke bin ƙafar shanu suna kaɗa wutsiya, sun watse daga ruga. Na yi murna, saboda na tuna kakan ce in waɗannan suka kama hanyar ƙasarsu, shamuwa tana tafe daga kudu. Daga baya ta ce makiyaya sun ga shamuwa wajen Kankiya. Kankiya, Malam! Me ya rage? Amma na wayi gari ina duban sama, na sake wayewa, ba komai sai rana.

Alhaji Sada ma yana da kunne. Ran nan ina ɗaki na ji ƙaraf-ƙaraf, na leƙa, sai ga mai girma kansila da babbar rigarsa, ya ɗaga gora yana zungure tsoffin sheƙuna, wai in shamuwa ta zo ta ga ba gida ta yi gaba. Da Dije ta ji, ta ce in tattara kararen da suka zubo, ta samo wanda zai hau ya jera su, a yayyafa farar ƙasa a gindi kamar kashin tsuntsu, a ce ta iso. Ba zan ɓoye maka ba, na tattara kararen, har na ɓoye su bayan randa. Amma da wane hannu zan rubuta shamuwa a ƙarƙashin rubutunka, alhali ƙarya ce? Na hura wuta da su.

Jiya na fita takaba. Yau da hantsi masu sara suka shigo, babbansu wani dattijo mai igiya a kafaɗa. Na ce ba a fara aiki a gidan Malam da yunwa. Na dama koko kamar mai ciwon hannu, na aika a sayo ƙosai daga nesa, na kawo ruwa, na ƙara kawo ruwa. Alhaji Sada yana ta duban agogo. Daga ƙarshe dabara ta ƙare. Suka ɗaure igiya, gatari ya shiga. Na ji shi a haƙarƙarina. Me ya sa ka bar ni da wannan ni kaɗai?

Ana cikin sara inuwa ta gifta a ƙasa. Na ɗaga kai. Baƙin baya, farin ciki, dogayen ƙafafu a miƙe. Guda ɗaya. Ta yi kewaye ta sauka can ƙololuwa. Dattijon ya ɗaga hannu aka tsaya. Alhaji Sada ya ce tsuntsu mai hutawa ba mai sheƙa ba ne, a kore ta a ci gaba. Dattijon bai musa ba, ya dai ce a ɗan jira. Sai ta tashi ta yi gabas. Alhaji Sada ya ce to an gani. Mai saran ya tofa yawu a tafinsa ya sake kama ƙotar gatari.

Bai kai ga sauke shi ba ta dawo, da kara a baki, wata tana biye da ita.

Dattijon ya kwance igiyarsa yana naɗewa, ya ba Alhaji haƙuri, ya ce shi ma yana da gona. Ƙanenka ya fita yana faɗa, wai da kaka in sun tafi zai kawo masu inji daga wani gari, waɗanda ba su san shamuwa ba. Na san zai yi. Ba ni da ta cewa a ƙasar da ba tawa ba.

Damina ɗaya ke nan, Malam. Ita kaɗai na iya samo maka. Na kwaɓa laka na shafe inda gatari ya ci, sannan na wanke hannu na ɗauko littafin. Na rubuta shamuwa, don idona ya gani.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa in na zo in same ka a inuwar da ba a sarewa. Na bar ka lafiya.

Taka,
Rabi, mai tsokanarka.