Ba Ni Anka Ture Daga Jaki Ba

Zuwa ga Mai Girma Hakimin garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da iyali, ina kuma gaida dokinka, wanda na ji an ce ya fi ɗiyan gari da yawa cin hatsi bana. Allah shi ƙara mai lafiya.

Ni ne Illo ɗan Mamman mai albasa, wanda samari sunka naɗa Sarkin Kara a wasan bayan girbi. Ka san ni. Ni ne na liƙa wa dogarinka wutsiyar tunkiya a riga ranar Sallah. Ban yi lokol ba, wato makarantar boko, allo kaɗai na yi. Da ajami na rubuta wagga wasiƙa, abokina ya juye ta boko don a karanta a kasuwar Tabotaki, tunda zaurenka ya ƙi buɗe mini.

Dogari ya zo ya faɗa wa tsohona cewa garkar fadama da gidanku ya ara wa kakanmu za a karɓe ta, sai fa in na durƙusa bakin masallaci ran Juma'a na ce na tuba da wasan da na yi. Irin albasarmu ya kai dashe, in ya ƙara kwana zai tsufa. Garkar nan ita muke ci har damina. Don haka ga maganata.

Na ɗaya. Wasan kara ba ni na ƙago shi ba. Tun kakanni, in an gama girbi samari kan kwaikwayi masu mulki, sarkin gaske shi zauna shi kalla. Marigayi mahaifinka, Allah shi jiƙan shi, an ce har hawaye yake don dariya, kuma shi yi wa sarkin wasa kyautar hula. Ni rawanin buhu na naɗa, na sa tabarau na kara, na hau jakin kawuna. Duk wanda ya kawo kuka na yi tari biyu na ce, "Za a duba." Ban ambaci sunan kowa ba. In tarin ya yi kama da na wani, a tuhumi tarin.

Na biyu. Labarin da munka shirya na mutanen da ne. Malaminmu na allo ya sha ba mu labarin sarakunan gabanin jihadi: jangali a kan makiyayi, kuɗin ƙasa a kan manomi, yaran sarki su shiga kasuwa su ɗauki abin da sunka ga dama, talaka kuwa ba ya shiga fada hannu wofi. Yakan ce mulki ba ya faɗuwa don abu guda. Sai ciki ya yi kuka, ƙofar kai kuka ta rufe, sannan a taka mutuncin mutum. Kakata ta ƙara mini nata. Zamanin da masu raƙuma daga arewa ke mulkin ƙauyukan Adar, sukan zo da kaka su buɗe rumbu ba sallama. Ta ce yunwa dai an jure ta. Abin da bai juru ba shi ne a aza maka hatsinka a kai, ka kai musu da ƙafarka, kuma ka yi godiya.

Na uku, kuma nan ka kasa kunne. Yadda munka tsara, malamin wasa zai yi wa'azi, sarki shi tuba, a buga ganga a watse. Ba a kai nan ba. Ina bisa jaki na ɗaga murya na ce, "Gobe kowa gonar sarki, naku gonakin su jira!" Sai Inna Hajo, gwauruwar da ciyawa ta cinye geronta bana saboda ɗiyanta na wurin gayyarka, ta keto taro ta kama ƙafata tana cewa, "Sauko, ja'iri, mun gaji!" Kafin in ce Inna ni ne Illo, dattawa masu furfura sun kama ɗayar ƙafar. Na sha ƙasa. Ranƙwashin da na sha ba na wasa ba ne, har yau ba na iya sa hula daidai. Sai mata sunka rangaɗa guɗa. Ba mu shirya wannan ba, na rantse da allona. Ni anka buga, amma ba ni anka nufa ba.

Na huɗu. Ka tambayi kanka mi ya sa tsohuwa ta manta wasa ne. Gayya da can taimako ce, da fura da kiɗa. Yanzu noman fari ake kwashe mu, wanda bai je ba a tsai da shi cikin rana. Bankin hatsin gari in ya buɗe tsakiyar damina, masu zama zaurenka ke fara awo. In mun yi magana dogari shi ce mana ɗiyan bayi. Ciki, ƙofa, mutunci. Ba ni na haɗa su ba, lissafin Malam ne.

Abin da nake roƙo: a bar wa tsohona garkarsa shi yi dashe, shi bai hau jaki ba. A bar gayya sai kowa ya nome tasa gonar. A hana dogari kalmar nan. Kuma ka kira Inna Hajo ka ji ta bakinta, ba tare da tari ba.

Ran Juma'a zan zo. Zan durƙusa in gaishe ka kamar kowane ɗa, amma ba zan ce na tuba ba, don ban san laifin wanda anka doka ba. Zan kawo maka rawanin buhun da tabaran kara, ka aje inda za ka riƙa ganinsu. Ni da na faɗo daga jaki na tashi na kakkaɓe rigata, dare na yi na ci tuwo gidan Inna Hajo. Waɗanda Malam ke ba mu labarinsu, ranka shi daɗe, ba wanda ya tashi.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka kunnen ji tun ana faɗi cikin wasa.

Wassalam.

Illo, Sarkin Kara na bana, wanda anka tuɓe.