Masoyan Jirgin Baba

Warrington, 6 ga Oktoba

Yaya Desmond,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Beryl. Ya ƙafar tata? Na rubuto ne saboda kiranka a waya ɓata yawu ne, kunnen nan naka sai abin da ya ga dama yake ji.

Ranar Talata na je Harrop Moss, inda kamfani ya jibge tsofaffin kawunan jirgin ƙasa tun da aka kawo sababbi. Mai gadin wurin tsohon abokin aikina ne, shi ya buɗe mini. Da na san abin da zan gani da ban karya ba kafin in fita. An jera su a kan dogo, ciyawa ta kai musu ciki, ƙasa duk kwalabe da tsumma da abin da mutum ya kasa riƙewa har ya isa gida.

Na Baba yana can ƙarshen layi. Kan jirgin da aka sa wa sunansa, Wilfred Ollerton, ranar da ya ajiye sifana ya bar aiki, wanda ni da hannuna na yi shekaru ina jan fasinja da shi zuwa Glasgow. An zana masa a gefe, da jan fenti, abin da ba zan iya rubuta wa yayana ba. Tagogi an fasa, an toshe da katako. Tattabaru sun mai da rufinsa masai. Ƙofar ɗakin direba a kulle take, kuma makullin ba ya hannun mai gadi, don haka ban shiga ba. Wai wannan ita ce ajiya. Mu dai a gidanmu abin da aka ajiye akan leƙa shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wani kamfani a Bulgeriya yana sayen irinsu, a loda a jirgin ruwa, su koma aiki a can. Injiniyansu zai zo ƙarshen wata. Wanda ya tarar cikakke zai tafi da shi, sauran kuma na 'yan gwangwan ne kafin shekara ta fita. Na ji ƙungiyar nan taku ta masoya jirage ta rubuta wa kamfani cewa a ci gaba da ajiye shi. Kai ne sakatare. Don Allah ku janye. Gara ya yi gudu a ƙasar wasu da ya ruɓe a tamu.

Ka gaida Beryl.

Ƙanwarka,
Thelma

Skipton, 13 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Thelma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso, kuma na karanta ta a gaban kwamiti, ban da wasu kalmomi. Ƙafar Beryl da sauƙi, tana godiya.

Matsayin ƙungiya shi ne, wannan kan jirgi kayan tarihin ƙasa ne. Idan ya tafi can za su kankare sunan Baba, su shafe shi da wani launi, ƙila ma siminti zai riƙa ja. Burinmu mu mayar da shi kamanninsa na asali, mu kafa shi a gidan tarihinmu. Na san za ki ce layinmu ba shi da wayar lantarki a sama, shi kuwa da lantarki yake tafiya, saboda haka ba zai taɓa motsi ba. An kafa ƙaramin kwamiti da zai duba wannan.

Maganar ɓarna kuwa, raina ya ɓaci kamar naki. Yaran zamani ne marasa tarbiyya. Amma ki kwantar da hankalinki. Makullin yana wurinmu da izinin kamfani, kuma duk abin da ke da daraja a jikinsa mun riga mun ɗauki mataki a kansa. Kamfani bai ba mu amsa ba tukuna, mu kuma ba za mu janye ba.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
D. Ollerton

Warrington, 29 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, a taƙaice.

Kamfani ko ta kan takardarku bai bi ba. Injiniyan ya zo jiya, sunansa Todorov, gajere mai tumbi, ni na raka shi tunda na san jirgin. Kunya ta ishe ni da muka tsaya gaban zanen nan, shi kuwa dariya ya yi.

“Fenti ne, Madam,” in ji shi. “Mu ma yaranmu suna da hannu.”

Ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya daɗe, ya fito da giris har goshi yana murmushi. Ya ce a duk layin babu mai lafiyar wannan. Na ce a raina Baba ya tsira. Sai aka ɓalle ƙofar ɗakin direba.

Fayau, Yaya. Babu kujera, babu hannun birki, babu agogon gudu, babu oda, babu akwatin sarrafa wuta. Har na buɗe baki zan tsine wa yara, sai Todorov ya haska mini bango.

“Ɓarayinku masu ladabi ne,” ya ce. “Namu da gatari suke zuwa.”

Kowace waya an naɗe bakinta da salatif. Kowane noti an mayar da shi kan ƙusarsa, an ɗan murza don kada ya ɓace. Ɗan iskan da ya yi fitsari a bakin ƙofa ba zai tsaya mayar da noti ba. Mutum ɗaya na sani da yake cewa noti ya koma gidansa kafin a sha shayi, wato Baba, kuma mu biyu ya koya wa a tsakar gida, ni da kai. Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa take ci. Wannan ne matakin da kuka ɗauka?

Na roƙi mutumin nan kamar mai bara. Ya ce an daina ƙera waɗannan kayan tun da daɗewa, ba zai sayi gangar jiki marar kai ba. Amma saboda sunan da ke gefe, zai jira har tsakiyar Nuwamba, lokacin da za a yi lodi. In kayan sun dawo, jirgin Baba ya tafi aiki. In ba su dawo ba, wutar 'yan gwangwan.

Ka ɗauki motarka ka bi gida gida. Ba zaginka nake ba tukuna.

Thelma

Skipton, 10 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Thelma,

Bayan gaisuwa, ina so in gyara miki fahimta. Abin da aka yi ba sata ba ce, adanawa ce. Al'adar ƙungiya ce tun kafuwarta, idan jirgi ya shiga ajiya kowane ɗan ƙungiya ya kai wani ɓangare gidansa don kada ɓata-gari su taɓa. Da ba mu cire ba, da yanzu wa ya san inda suke?

Duk da haka na zagaya gidajen 'yan ƙungiya kamar yadda kika nema. Kujerar tana falon Norman, a kanta yake kallon ƙwallo, matarsa ta sake mata yadi mai furanni. Ya ce mini, “Desmond, bayana bai taɓa samun kujerar da ta karɓe shi kamar wannan ba.” Hannun birki yana wurin Cyril. Ya huda shi ya haɗa da famfon giya a rumfar da ke bayan gidansa, aikin kuwa ya yi kyau, gaskiya. Akwatin wuta yana hannun Alwyn, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa a bazara. Matarsa ta kwashe tarkacen garejinsa ta kai kasuwar Lahadi. Ta ce wani mai jar hula ne ya saya, zai yi gidan zomo.

Na kira taron gaggawa ranar Alhamis. Wani ya ce ya san inda za a samo irin akwatin, a wurin wata ƙungiya a Derby. Amma da aka zo ƙuri'a, masu rinjaye suka ce kayan ba za su koma jikin jirgin da zai bar ƙasa ba. Ni ban ɗaga hannu ta kowane ɓangare ba, domin ina rubuta bayanin taro.

Agogon gudun yana wurina, a kan kantar falo, ina goge shi duk Asabar. Dokar ƙungiya ba ta yarda mutum ɗaya ya mayar da nasa shi kaɗai ba. Ina fata za ki gane cewa duk wanda ke ɗakin nan yana son jirgin nan kamar ransa.

Beryl tana tambaya ko za ki zo mana Kirsimeti.

Yayanki,
D. Ollerton

Warrington, 4 ga Disamba

Desmond,

Ina fata kana lafiya.

Todorov ya tafi da guda shida. Na Baba an yanka shi ranar Litinin a filin 'yan gwangwan da ke Rotherham. Na je, don bai kamata a ce babu nasa ko ɗaya a wurin ba. Mai wutar walda yaron kirki ne, da ya ji sunana sai ya cire hula, ya ce in koma mota kada in kalla. Na kalla.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Kuna can bakin shinge a jere, da rigunan ruwa da fulas ɗin shayi, kowa da kyamara. Na ji Cyril yana roƙon yaron ya yanko masa gefen da lamba take. Na ji Norman yana cewa a matsa, ana tare masa haske.

Kai ma na gan ka. Na tsaya kusa da kai, har hannun rigata yana gogar naka, lokacin da rufin ya rabe biyu. Ba ka gan ni ba, idonka yana cikin kyamara.

Ka ce wa Beryl na gode, ba zan samu zuwa ba. In hoton ya yi kyau, kada ka aiko mini.

Thelma Ollerton